TASHE A CIKIN AKWATIN TALABIJIN

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da na gani da idona a hutun azumin da ya wuce. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, har sai da na komo makaranta na sami wanda ya warware mini shi, ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Ni mutumin Tambuwal ne, amma mahaifiyata 'yar Kebbe ce. Saboda haka duk hutun da ya faɗo cikin watan azumi akan tura ni can in yi wa kakata 'yan kwanaki. To, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san in azumi ya kwana goma ake fara tashe. Bayan an sha ruwa an yi sallar asham, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, suna bi gida-gida suna wasa da waƙa, masu gida kuwa su ba su gero ko dawa ko 'yan kuɗi. Masana sun ce sunan ya samo asali ne daga tashin mutane da ake yi domin sahur. In mutum ya duba da kyau zai ga tashe cikakken wasan kwaikwayo ne mai waƙa, domin akwai shiga, akwai kiɗa, akwai mai bayarwa da masu amshi, kuma kowane wasa yana da abin da yake koyarwa. A Tsoho da Gemu yaro ne zai manna auduga a haɓa, ya sa tsumma, ya riƙe sanda yana tafiya a duƙe. A Jatau Mai Magani wani zai rataya tarkacen saiwoyi da ɓawon itace yana lissafa magunguna. A Mairama da Daudu kuwa 'yan mata ne, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ana nuna wa amarya yadda ake zaman aure.

Kawuna yana da talabijin mai aiki da hasken rana. Ran nan sai ya shigo da labari cewa wata tasha za ta nuna tashe da dare, kuma kai tsaye, watau a daidai lokacin da ake yin wasan a can muke ganinsa a nan, ba ɗauka aka yi aka ajiye ba. Kafin a idar da asham labari ya game unguwa. Aka fito da akwatin tsakar gida aka ɗora bisa turmi, aka shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta suka shigo da 'ya'yansu, samari suka tsaya daga bakin zaure. Kakata ta sa aka kawo mata 'yar kujerarta gaba-gaba, ta ce ita da ta yi tashe tun kafin a haifi masu tashar, ba wanda zai tare mata.

Da aka fara sai ga wani babban zaure mai dandamali da fitilu ja da kore. Yaran da za su yi wasan suka fito cikin sababbin kaya, kowa da abin magana a bakinsa. A maimakon gwangwani da ƙwarya, wani saurayi ne zaune a gefe yana kaɗa fiyano irin na waƙoƙin fim. 'Yan kallo kuwa suna zaune a jere bisa kujeru, in an gama wasa su tafa.

Ba a yi minti biyar ba kakata ta juyo gare ni, da yake ni ne abokin wasanta, ta ce, "Angona, wanga dai ba tashe na ba. Dubi tsohon ga, rigatai ta hi ta limamin Juma'a haske. Ina tsoho yat taɓa zuwa tashe da wankakkar riga?" Sauran tsofaffin mata suka kama mata. Wata ta ce an gaggauta waƙar, wata ta ce an tsallake baiti biyu, wata kuma ta ce amshin da suke yi ba shi ne amshin ba. Da 'yan kallon cikin akwatin suka tafa, sai kakata ta kama baki ta ce, "Tahi aka yi ma tashe? Ina hatsin?" Kawu ya ce, "Haba Inna, ai zamani riga na. Da a bar shi ya mutu, ba gara a gyara shi hakan ga ba?" Ta ce masa in gyara ke nan, to Allah ya tsare ta da ganin ɓarna. Samarin bakin zaure suna bayan kawu, su fiyanon ne ma ya fi burge su, har wani yana ɗauka da wayarsa.

Abin da na lura da shi shi ne, duk da wannan mita, ba tsohuwar da ta tashi. Sau uku kakata tana cewa a kashe a ba ta lafiya, amma da wani yaro ya gifta ta gaban akwatin sai da ta kai masa duka da mafici. Can wajen tsakiyar wasan sai gemun tsohon nan ya saɓule ya faɗi ƙasa. Yaron ya rikice, ya duƙa ya ɗauka, ya manna shi a karkace, masu amshi suka kasa riƙe dariya, mai fiyano shi kuma ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai. Da ɗauka aka yi tun da fari, da an yanke wurin ba wanda zai sani. Amma da yake kai tsaye ne, kowa ya gani. Kakata ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To, yanzu anka hwara tashe!" Wurin nan kaɗai ta yaba a daren duka.

Da muka komo makaranta na ba malaminmu na Turanci wannan labari, domin shi ne mai kula da ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Ya yi dariya ya ce kakata tana da 'yan'uwa miliyoyi a Amurka. Ran Asabar da dare ya tara mu a ɗakin taro ya nuna mana guntayen wani wasa iri biyu, sa'an nan ya ba mu tarihinsa. Ga abin da na riƙe, tare da abin da na ƙara bincikawa.

Turawa suna da wani irin wasan dandamali wanda ake haɗa magana da waƙa, labari yana tafiya ana rera waƙoƙi a ciki. Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne The Sound of Music, watau amon kiɗa. Richard Rodgers ne ya tsara kiɗansa, Oscar Hammerstein ya rubuta waƙoƙin, aka fara nuna shi a birnin Niyu Yok ran 16 ga Nuwamba 1959, kimanin mako biyu ke nan bayan an buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya, a Ibadan. Labarin wata budurwa ce mai suna Maria a ƙasar Ostiriya, wadda take shirin zama sista a gidan ibadar Kirista, sai aka tura ta renon 'ya'ya bakwai na wani tsohon hafsan sojan ruwa da matarsa ta rasu. Ta koya wa yaran waƙa, daga baya ta auri ubansu, sa'an nan suka gudu daga ƙasar bayan Jamus ta Hitila ta haɗiye ta a 1938. Wadda ta fara fitowa a matsayin Maria a dandamali ita ce Mary Martin.

A 1965 aka mai da wasan fim, Julie Andrews ta fito a Maria. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai da gaske, ya ci kyautar Oscar guda 5, aka yi ta maimaita shi a talabijin shekara da shekaru, har ya zama yara da iyaye da kakanni duk sun haddace shi. To, ran 5 ga Disamba 2013 sai tashar NBC ta Amurka ta sake shirya wasan ta nuna shi kai tsaye, na tsawon awa uku. Ta ɗauko wata mawaƙiya mai suna Carrie Underwood, wadda ta yi suna tun da ta ci gasar waƙa ta talabijin a 2005, ta ba ta matsayin Maria. Dalilin yinsa kai tsaye kuwa na kasuwa ne. Mutane sun saba da ajiye shiri su kalla daga baya suna tsallake talla, amma abin da ake yi yanzu-yanzu kowa yana so ya gani tare da jama'a.

Tun kafin ranar mutane suka fara yi wa yarinyar nan ruwan zagi, wai wace ce ita da za ta shiga rigar Julie Andrews. A daren kuwa mutum fiye da miliyan 18 suka kalla, adadin da ya ba tashar kanta mamaki. Da yawansu suna kallo ne waya a hannu, suna aika ra'ayinsu a Twitter, wasu na yabo, wasu na ba'a. Masu sharhi a jaridu galibi sun ce muryarta ba laifi, amma in ta daina waƙa ta koma magana sai ta sandare, domin ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Wadda kusan kowa ya yaba ita ce Audra McDonald, gwanar dandamali, wadda ta fito a shugabar gidan ibadar. Ni ma da na gani na yarda da wannan hukunci, ko da yake Turancin waƙar ba duka nake kamawa ba.

Amma ga inda darasin yake. Cikin ƙorafin da aka yi har da cewa an hargitsa waƙoƙin. A fim, waƙar da Maria take lissafa abubuwan da ta fi so, yara take rera wa a daren da aka yi tsawa suka firgita. A talabijin sai aka ga ita da shugabar gidan ibada suke yin ta tun farkon wasa, a daren tsawar kuwa sai ta yi waƙar makiyayin awaki. Waƙar da take yi a hanya riƙe da jakarta, ba a ji ta ba sam. Sa'an nan ga waɗansu waƙoƙi biyu da masu kallo da yawa ba su taɓa ji ba. Alhali kuwa tashar ba fim ɗin ta maimaita ba, wasan dandamali na 1959 ta koma wa. Yadda aka jera waƙoƙin a talabijin, kusan haka mawallafan suka jera su tun farko. Waƙoƙin nan biyu masu fim ne suka cire su, ta hanya kuwa domin fim aka ƙirƙire ta. Ashe masu kukan an ɓata na asali, abin da suke karewa shi kansa sauyi ne, kuma Julie Andrews da suke cewa ba a maye gurbinta, ita ma gurbin Mary Martin ta shiga.

In aka ƙara tonawa ma, wasan na 1959 shi ma ba shi ne tushe ba. Maria von Trapp mutum ce ta gaske, ta rubuta tarihin gidansu a 1949, Jamusawa suka yi fim da shi a 1956. A zahiri ta yi aure tun 1927, shekara 11 kafin shigowar Jamus, kuma ba ta kan duwatsu suka tsere da ƙafa ba kamar yadda ake nunawa, jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya. Haka nan kuma nuna irin wannan wasa kai tsaye ba sabon abu ba ne a can. A 1955 an nuna Peter Pan kai tsaye da Mary Martin, a 1957 kuma aka nuna Cinderella kai tsaye, wadda ta fito a ciki kuwa ita ce Julie Andrews ɗin nan dai.

Da malam ya kawo nan sai na tuna da wani abu. Waƙar Tsoho da Gemu da kakata take cewa an tsallake wa baiti, mu a Tambuwal ba mu ma san waɗannan baitocin ba, muna da namu. Tsakanin Tambuwal da Kebbe kuwa ba wata tafiya ce mai nisa ba, ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna. Wani abokina Bakano da muke ɗaki ɗaya ya rera mini tasu, na ji ta bambanta da duka biyun, ya kuma ba ni labarin Nalako, sarkin gwagwaren Kano, wanda mu ba mu da shi. Tashe ba a rubuce aka gada ba, daga baki zuwa baki ne, kowane gari da kowane zamani yana ƙarawa yana ragewa. Saboda haka abin da kakata take kira na asali shi ne wanda ta tarar ana yi a unguwarsu tana 'yar shekara tara ko goma. Ina kyautata zaton ita ma tata kakar ta taɓa ce mata ba haka ake yi ba. Hausawa dai sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ko a rubutaccen adabi haka abin yake. Shaihu Umar labari ne na zube da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim da shi a 1976. Ni wasan na fara karantawa, kuma da na sami littafin zuben daga baya sai na ji kamar shi ne aka sauya.

Kada a ɗauka ina nufin tsofaffin nan ba su da gaskiya ko kaɗan. A wuri ɗaya na tabbata kakata ta fi kawu hujja, watau maganar tafi da hatsi. A tashe na gaske ba a raba mai wasa da mai kallo. Yara su shigo har tsakar gida, uwargida ta tsokane su, ta ce ba ta bayarwa sai an sake, tsoho ya ƙara duƙewa yana tari, kaka ta gane jikanta a bayan gemun ta yi kamar ba ta gane ba. Wannan cacar baki rabin wasan ce, kuma akwati ba ya iya kawo ta. Turawan ma sun gamu da irin wannan. Wasan 2013 a cikin wani ƙaton ɗakin ɗaukar hoto aka yi shi ba tare da 'yan kallo ba, in an yi abin dariya ba mai dariya, in an gama waƙa sai shiru, aka ce wannan ya sa wasan ya yi sanyi. Da tashar Fox ta zo yin nata mai suna Grease a Janairun 2016, sai ta zuba mutane a wurin suna kallo suna shewa.

Batun gemun da ya faɗi shi ma yana da ɗan'uwa a can. Wani abin da yake jan mutane ga shirin kai tsaye shi ne sanin cewa komai na iya faruwa, kuma ba damar gyarawa. A Janairun 2019 Fox ta shirya wani wasan mai suna Rent, sai ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ya karya ƙafa a gwajin ƙarshe, ana gobe za a nuna. Maimakon a yi shi a haka, sai tashar ta sa hoton gwajin da ta ɗauka, ƙarshen wasan kaɗai aka yi kai tsaye. Masu kallo da yawa suka ji haushi, suka ce da an bar shi ya fito a keken guragu da sun fi so. Mutanen da suka kalli wannan ba su kai miliyan 4 ba.

Akwai waɗanda ban faɗi yadda suka karɓi tashen talabijin ba, su ne ƙananan yara, kuma su ne suka fi damuna. Ba su ce uffan ba a daren, idonsu na kan akwatin kamar an kafe su. Washegari da hantsi na tarar da 'ya'yan kawu uku a bayan rumbu, ƙaramin ya manna auduga a haɓa, babbar tana kwaikwayon kiɗan fiyano da baki, suna yin waƙar daidai yadda aka yi ta a talabijin, da saurinta da komai. Da suka gama sai suka tafa wa kansu. Yaran nan ba su taɓa fita tashe ba. Tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a yankinmu, kawu ba ya barin kowa ya leƙa waje bayan isha, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ko a birnin Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da suke fakewa da shi. Ke nan wanda suka gani a akwati shi ne na farkonsu, kuma in Allah ya ba su tsawon rai, shi za su riƙa ce wa jikokinsu na asali.

Na gaya wa kakata abin da na gani a bayan rumbu. Ta yi shiru, sa'an nan ta aika aka kira su. Ta sa aka kawo ƙwarya da tsohon gwangwanin madara, ta tuɓe wa ƙaramin rigarsa ta sa masa wani tsumman buhu, ta shafa masa toka a gira. Ta zauna tana ba su baitocin nan biyu da aka tsallake, suna maimaitawa, in sun yi sauri ta ce su sassauta. Da suka iya sai ta tura su ɗakin matar kawu, ta ce kada su fito sai an ba su gero. Aka ba su rabin mudu.

Yanzu haka ƙungiyarmu tana shirin nuna wasannin tashe uku a ranar iyaye ta ƙarshen wannan zango, kuma ni aka ba Tsoho. Mun yi mako biyu muna gardama a kan ko a sa fiyano ko a bar gwangwani, daga ƙarshe gwangwani ya yi rinjaye da ƙuri'a biyu. Malam ya yarda ba za mu tsaya bisa dandamali ba, za mu sauko mu bi layin kujeru. Abin da ba mu daidaita ba shi ne baitocin, domin 'yan Tambuwal sun ce nasu, 'yan Kebbe sun ce nasu, Bakanon nan kuma ya ce duk mun ɓata. Baba ya ce zai zo, kawu kuma ya yi alkawarin kawo kakata in hanya ta yi kyau. Iyayen da za su halarta muna roƙonsu su taho da 'yan canji ko ɗan hatsi a ƙulle, domin ba za mu karɓi tafi ba.